Kiɗan Biwa da Karatun Shomiyo a Japan: Abin da Baki Ya Riƙe da Abin da Takarda Ta Riƙe

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin Hausa zai iya tambaya, me ya kai mu Japan alhali ba mu gama da gurmi da garaya ba? Dalilin shi ne akwai wata tambaya da ke gaban duk mai nazarin adabin baka: in an ce an adana waƙa, me aka adana? Kalmomin ne, ko karin da ake rera su da shi, ko kuwa mutumin da ya iya rerawar? Japanawa sun yi fiye da shekara 1,200 suna fama da wannan tambaya, kuma sun bar shaidu a rubuce waɗanda za a iya bi daki-daki. Wannan takarda za ta dubi abubuwa biyu da suka sarƙe da juna a can, wato shomiyo, karatun da limaman addinin Buda ke rerawa a wuraren ibadarsu, da kuma biwa, wani abin kiɗa mai tsirkiya wanda makafi suka riƙa yawo da shi suna ba da labari. An rubuta sunayen Japananci yadda za su yi sauƙin furtawa. Inda aka ga ch a karanta shi kamar c na Hausa.

2.0 Shomiyo

Addinin Buda ya shiga Japan ta hanyar Koriya a ƙarni na 6. Ya zo da littattafansa, ya kuma zo da yadda ake karanta su da murya. A shekarar 752 aka yi bikin buɗe babban mutum-mutumin Buda na tagulla a haikalin Todaiji da ke birnin Nara. Littattafan tarihi sun ce limamai wajen 10,000 suka halarta, wani limami ɗan Indiya mai suna Bodhisena shi ya zana idanun mutum-mutumin, aka kuma rera karatu ana watsa furanni. Wasu daga cikin sassan karatun da aka yi ran nan har yanzu ana yin su da sunayensu na da.

Abin da ya kamata ɗalibin harshe ya fara lura da shi shi ne ma'anar kalmar kanta. Shomiyo fassara ce ta wata kalmar Sanskirit, shabda-bidiya, wadda ke nufin ilimin sauti da kalma. A tsohuwar Indiya wannan fanni shi ne nahawu da ilimin furuci, ɗaya daga cikin fannoni 5 da ake so mai ilimi ya sani. Sai daga baya, a Japan, sunan ya koma kan rera karatu. Ke nan tun asali ba a ɗauki abin a matsayin waƙar nishaɗi ba, an ɗauke shi a matsayin kula da furuci. Wanda ya yi makarantar allo ba ya bukatar dogon bayani cewa karatun nassi yana da ƙa'idar ja da tsayawa da fitar da harafi, ko da yake aƙidun biyu ba su haɗu ta ko'ina ba.

A shekarar 804 limamai biyu, Saicho da Kukai, suka tafi Sin neman ilimi, suka dawo suka kafa ɗariƙu biyu, Tendai da Shingon. Waɗannan ɗariƙu su ne manyan gidajen shomiyo har gobe. Almajirin Saicho mai suna Ennin ya zauna a Sin daga 838 zuwa 847, ya dawo da karatuttuka masu yawa. Bayansa da kusan shekara 300 wani limami, Riyonin, wanda ya rasu a 1132, ya tattara abin da ya warwatse ya tsara shi a Ohara, wani kwari da ke arewa da Kiyoto. A riƙe sunan wannan kwari, za mu sake dawowa gare shi.

Da harsuna uku ake shomiyo. Akwai na Sanskirit, akwai na Sinanci, akwai na Japananci. Na Sanskirit ɗin abin dubawa ne, domin Sinawa sun rubuta sautinsa da haruffansu, Japanawa kuma suka karanta haruffan da irin nasu furucin, har ya zama ba Ba'indiyen da zai ji ya gane. A irin wannan karatu ana iya jan gaɓa ɗaya na tsawon numfashi da yawa, murya na kaɗawa sama da ƙasa a kan wasali guda. Wannan kaɗawar ita ake kira yuri. Ma'anar kalma takan narke, sauti ya rage. Don kada karin ya ɓace, sai suka ƙirƙiri alamomi da ake kira hakase, wato ƴan layuka miƙaƙƙu da lanƙwasassu da ake ja a gefen kowane harafi, suna nuna inda murya za ta hau da inda za ta sauka. A 1472 aka buga wani kundin shomiyo mai irin waɗannan alamomi a dutsen Koya, cibiyar ɗariƙar Shingon, kuma yana cikin rubutun kiɗa mafi tsufa da aka buga a duniya wanda ya kai zamaninmu.

Amma nau'in da ya fi shafar zancenmu shi ne koshiki. Wannan wa'azi ne da ake rerawa da Japananci don jama'a su ji su gane. Mai karatu yakan fara da murya ƙasa-ƙasa kusa da magana, wannan shi ne shoju, mataki na farko. In zance ya ɗau zafi sai ya hau mataki na biyu, in ya kai wurin da ake so zuciya ta karye sai ya hau sanju, mataki na uku, da murya sama da ja mai tsawo. Wanda ya fi shahara cikin irin wannan wa'azi shi ne Shiza Koshiki na limami Miyoe, na shekarar 1215, wanda ke ba da labarin rasuwar Buda.

3.0 Biwa

Biwa ba ƴar asalin Japan ba ce. Sunan ya fito daga pipa na Sinanci, ita kuma pipa mai tsirkiya 4 da lanƙwasasshen wuya daga wajen Farisa ta biyo fatake. Danginsu ɗaya da udu na Larabawa. A taskar Shosoin da ke Nara, inda aka ajiye kayan Sarki Shomu tun 756, akwai wata biwa mai tsirkiya 5 da aka yi wa ado da ɓawon katantanwar teku. Hoton da ke fuskarta na mutum ne a kan raƙumi yana kiɗa, a ƙasar da ba ta da raƙumi. Wannan kaɗai ya isa nuna hanyar da ta biyo. Wani abin sha'awa kuma, tawagar da ta kai Ennin Sin a 838 ita ce ta kai Fujiwara no Sadatoshi, wanda ya je ya koyo kiɗan pipa ya kawo wa fada.

Jikinta na katako ne mai siffar ɗigon ruwa, tsirkiyoyinta na alharini. A wuyanta akwai ƴan katakai a jere, 4 a biwar fada, 5 a ta masu labarin da za mu gani a gaba. Ba da yatsa ake kaɗa ta ba, da wani faffaɗan abu ne mai kama da mafici da ake kira bachi, wanda wani lokaci yakan bugi katakon kansa ya ba da ƙara kamar an fasa ice. A nau'o'inta da yawa ana gyara ta da gangan don tsirkiya ta riƙa gogar katako tana zuza. Suna kiran wannan zuza sawari, kuma suna ganin biwar da ba ta da shi ba ta cika ba. Bature yakan ji shi kamar aibu ne. Bahaushe da ya saba da ƴan ƙarafunan da ake maƙalawa a kan wasu kayan kiɗanmu don su riƙa amsawa ba zai yi mamaki ba.

A fada biwa tana cikin taron kayan kiɗa ne. A waje kuwa ta faɗa hannun makafi, waɗanda ke aske kai su sa riga irin ta limamai, ana kiransu biwa hoshi, wato limaman biwa, ko da mafi yawansu ba a naɗa su limanci ba. A tsibirin Kiyushu aikinsu shi ne bin gidaje suna karanta nassi da kiɗa don neman tsari ga murhu da gona.

4.0 Makafi da Labarin Heike

Daga 1180 zuwa 1185 gidajen mayaƙa biyu, Taira da Minamoto, suka gwabza yaƙi a kan mulkin ƙasa. Heike wani suna ne na gidan Taira. Shugabansu Kiyomori ya kai matsayin da jikansa ya hau gadon sarauta, a farkon yaƙin kuma dakarunsa suka ƙone Nara har da haikalin Todaiji da muka ambata. Shi kansa zazzaɓi ya kashe shi a 1181. A 1185 aka yi karon ƙarshe a teku, a Dan-no-ura. Da aka ga an ci su, kakar Sarki Antoku ta rungume shi, yana ɗan shekara 6, ta faɗa ruwa da shi. Ƴan watanni bayan haka girgizar ƙasa mai tsanani ta auka wa Kiyoto, mutane suka ce fushin matattun Heike ne.

Sai an fahimci wannan tsoro za a fahimci dalilin labarin. A imanin mutanen lokacin, wanda ya mutu da ƙullin zuciya yana iya jawo annoba da fari, kuma hanyar kwantar da shi ita ce a ambaci sunansa, a faɗi yadda ya mutu, a yi masa addu'a. Saboda haka Heike Monogatari, wato Labarin Heike, ba kirarin waɗanda suka yi nasara ba ne. Ya buɗe da ƙarar ƙararrawar haikali da zancen gushewar duniya, ya rufe da uwar Antoku, wadda aka tsamo daga ruwa da ranta, tana zaman zuhudu tana yi wa danginta addu'a a Ohara, kwarin nan da Riyonin ya tsara shomiyo.

Wani marubuci, Yoshida Kenko, ya rubuta wajen 1330 cewa wani tsohon ma'aikacin fada mai suna Yukinaga ne ya tsara labarin a ƙarƙashin kulawar Jien, babban limamin Tendai, sa'an nan ya koya wa wani makaho, Shobutsu, ya riƙa rerawa. Masana ba su ɗauki wannan a matsayin tabbataccen tarihi ba, amma ya nuna yadda mutanen lokacin suka ga abin: mai alƙalami, da limami, da makaho, kowa da nasa hannu. Shaidar da ta fi wannan ƙarfi tana cikin karin kansa. Sunayen shoju da sanju na wa'azin koshiki su ne dai mai rera Heike ke amfani da su.

Yadda aikin yake shi ne, mai rerawa ba ya ƙirƙiro wa kowane layi sabon kari. Yana da wasu ƙirori da ya haddace, kowane da irin zancen da ya dace da shi. Kudoki shi ne na ba da labari, gaɓa ɗaya sauti ɗaya, kusa da magana. Shirakoe magana ce zalla ba rerawa. Hiroi na fagen fama ne, mai sauri, inda ake lissafa mayaƙa da sulkensu da dawakansu. Sanju kuwa na wurin baƙin ciki ne ko kyan wata da dare, kuma a irin waɗannan wurare ne zancen ya fi komawa ma'aunin gaɓa 7 da 5, wanda shi ne ƙashin bayan waƙar Japananci. Abin da yakan ba ɗalibanmu mamaki in sun saurara shi ne, biwa ba ta cika tafiya tare da murya ba. Takan yi ɗan kiɗa ta share fage, ta ba mai rerawa sautin da zai kama, sai ta yi shiru ya shiga. Wanda ya saba da yadda kalangu ko kotso ke bin mawaƙi taku-taku zai ji kamar kiɗan ya yi kaɗan. A ganina ba kaɗan ya yi ba. Aikinsa ne daban. Aikin biwa a nan ya fi kusa da na aya da waƙafi a rubutu.

A 1371, ƴan watanni kafin rasuwarsa, wani babban makaho mai suna Akashi Kakuichi ya sa almajirinsa ya rubuta labarin daga bakinsa, don kada a yi gardama a bayansa. Wannan matani mai littafi 12 da ƙarin babi na musamman a ƙarshe shi ne wanda ƴan makaranta ke karantawa a Japan. Wani limami ya rubuta a 1462 cewa masu rera Heike a Kiyoto sun kai 500 zuwa 600.

Akwai wata tatsuniya da Lafcadio Hearn ya yaɗa a littafinsa Kwaidan na 1904, wadda ta taƙaita duk wannan. Wani makaho, Hoichi, ya gwanance a rera yaƙin Dan-no-ura. Kullum dare wani jarumi yakan zo ya ja shi wata fada ya yi wa manya kiɗa suna kuka. Ashe a maƙabartar Heike yake zama shi kaɗai cikin ruwan sama. Limamin haikalin ya sa aka rubuta masa nassi a duk jikinsa don fatalwa kada ta gan shi, amma aka manta kunnuwa. Da jarumin ya zo, kunnuwa biyu kawai ya gani a iska, sai ya cizge su ya tafi da su.

5.0 Ƙungiyar Makafi da Rushewarta

Makafin sun kafa ƙungiya mai suna Todoza, wadda ta yi ƙarfi tun zamanin Kakuichi. Tana da manyan muƙamai 4, kengiyo a sama, zato a ƙasa, an kuma rarraba su zuwa matakai 73. A zamanin mulkin gidan Tokugawa, daga 1603, hukuma ta amince mata ta yi wa ƴaƴanta shari'a, ta kuma ba su damar ba da rance da ruwa. Da kuɗi ake hawa mataki, kuɗin kuma a raba wa ƴan ƙungiya. A nan akwai kama ta haƙiƙa da ƙasar Hausa, inda birane irin su Kano ke da Sarkin Makafi, kuma makafi suka daɗe suna riƙe da waƙoƙin wa'azi da na bege a ka, ciki har da Imfiraji ta Aliyu Namangi, wanda shi ma makaho ne. Bambancin shi ne na Japan sun sami ikon mallakar sana'a daga hukuma, ba wanda ya isa ya ci abinci da ita sai da izininsu.

Wannan gata shi ya raya Heike, shi ne kuma ya daskarar da shi. Jama'ar gari suka koma ga shamisen, wani abin kiɗa mai tsirkiya 3 da ya shigo a ƙarni na 16, makafi da yawa suka koma koyar da shi da koto, ko tausa da maganin allura. Heike ya zama kiɗan manya da na bukukuwan tunawa da shugabanni. Sai gwamnatin Meiji ta zo a 1868, ta raba addinin Buda da na Shinto, aka rushe haikalai da yawa, a 1871 kuma ta soke Todoza baki ɗaya. Kashin bayan abin ya karye. Labarin yana da sassa wajen 200 da ake rerawa, amma zuwa ƙarshen ƙarni na 20 silsilar makafi ta rage a birnin Nagoya kaɗai, kuma sassa 8 kawai suka kai hannun magajinta, Imai Tsutomu. A Kiyushu, Yamashika Yoshiyuki, wanda ake yi wa laƙabi da biwa hoshi na ƙarshe, ya rasu a 1996.

Biwa kanta ba ta mutu ba. Nau'in Satsuma da na Chikuzen sun sami masu gani da yawa, mawaƙiya Tsuruta Kinshi ta kai ta dandalin New York a 1967 cikin wani aikin Takemitsu Toru, shomiyo ma ya hau dandalin babban gidan wasa na ƙasa a Tokiyo tun 1966. Sai dai wannan wani labari ne, na masu sayen tikiti su zauna su saurara.

6.0 Abin da Takarda Ta Riƙe

A 1776 wani makaho mai muƙamin kengiyo, Ogino, ya jagoranci tsara wani kundi a Nagoya mai suna Heike Mabushi, wanda ya ƙunshi matanin da alamomin kari a gefen gaɓoɓi. Makaho ba ya bukatar wannan. An yi shi ne musamman don masu gani da ke koyo don sha'awa. Da wannan kundi ne wani gida mai suna Tateyama, na masu gani, ya riƙe sassan da suka ɓace wa makafi. Amma alama ba ta faɗin tsawon numfashi, ko kaurin murya, ko yadda ake shiga bayan biwa ta yi shiru. Sassa 8 na Nagoya su ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Da sun ɓace, da takardar ta zama kamar rubutun ajami a hannun wanda bai taɓa jin Hausa ba.

Ta wani ɓangaren kuma takardar ta riƙe abin da masu ita ba su nufa ba. Japananci yana bambanta kalmomi da hawa da saukar murya. A Tokiyo, hashi mai farawa sama ya sauka yana nufin tsinken cin abinci, mai farawa ƙasa ya hau yana nufin gada. A Kiyoto akasin haka ne. Daidai yake da kuka na hawaye da kuka ta miya a Hausa. Rubutun Japananci na yau da kullum ba ya nuna wannan, kamar yadda boko da ajami ba su nuna namu. To, a sassan kudoki da shirakoe, inda rerawa ke kusa da magana, alamomin suna bin karin sautin kalmomi ne na mutanen Kiyoto na wancan zamani. Masanin harshe Kindaichi Haruhiko, wanda ya rasu a 2004, ya gane haka. Ya zauna ya koyi rera Heike a wurin Tateyama Kogo, a 1964 kuma ya fitar da nazari a kan alamomin Shiza Koshiki, inda ya yi amfani da su wajen gano yadda karin sautin Japananci yake ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Shomiyo, wanda sunansa ke nufin ilimin sauti, ya koma hannun masu ilimin sauti.

Mu a Hausa, shaidarmu ta karin sauti a rubuce ba ta da nisa. Manyan ginshiƙanta su ne ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949. Amma waƙoƙin ƙarni na 19, irin na Nana Asma'u wadda ta rasu a 1864, har yanzu akwai bakunan da ke rera su da karin da suka gada. Ko wannan kari yana bin karin sautin kalmomi, ko yana danne shi, ba abin da za a yanke a zaune ba ne, kuma kada a ɗauka abin da ya faru a Japananci dole ya faru a Hausa. Aikin wannan zango shi ne kowane ɗalibi ya nemi mai rera waƙar wa'azi ɗaya a garinsu, ya nemi izininsa, ya ɗauki baiti 10 a rere, sa'an nan ya roƙe shi ya faɗi baitocin nan a magana. A rubuta duka biyun da alamar karin sauti a kan kowace gaɓa, a kuma rubuta daga wa ya koya, shi kuma wancan daga wa.